A ina ake samun malam-buɗe-littafi a farkon damina, kuma yaya ake ɗaukar hotonsa bai tashi ba?

Tambaya daga wani matashi a Jega, jihar Kebbi: Malam, ina wuni. Ruwa ya fara sauka a wajenmu, ni kuma ina sha'awar kallon malam-buɗe-littafi da ɗaukar hotonsa. Wayar hannu nake da ita, sai wata tsohuwar kyamara ta yayana. Da na matsa kusa sai ya tashi, in yi ta bin sa har in gaji, wanda na samu na ɗauka kuma sai ya fito dishi-dishi. A ina ake samun su da yawa, da wane lokaci, kuma dole sai na sayi babbar kyamara?

Amsa: Lafiya lau, ƙanena, Allah Ya yi albarka. Bari in fara da ta ƙarshen tunda ita ce mai cin kuɗi: kada ka sayi komai tukuna. Bin da kake yi ne ya hana ka hoton. Duk wanda ya bi malam-buɗe-littafi a guje ba zai cim masa ba, ko wace irin na'ura ya riƙe. Ana zuwa ne inda dole zai sauka, a riga shi isa, a nemi wuri a zauna. Wurin saukar nan kuwa tsirrai ne ke nuna shi. Kowane iri yana da tsiron da macen ke zuba ƙwai a kai, domin tsutsar da za ta ƙyanƙyashe ba ta cin kowane ganye, galibi sai na dangi ɗaya ko biyu. Macen da ƙafafunta take ɗanɗana ganye, shi ya sa za ka ga tana sauka tana tashi daga wannan reshe zuwa wancan kafin ta lanƙwasa ciki ta manna ƙwai. Kai ɗan Jega ka riga ka san tumfafiya da tafasa da anza da magarya tun kana yaro, saboda haka rabin karatun yana hannunka.

Da tumfafiya nake so ka fara. Tana nan a bayan gari, a tsofaffin gonaki, a gefen hanyar Birnin Kebbi, ba sai ka yi nisa ba. Ita ce gidan wani iri mai suna Danaus chrysippus a kimiyyance: fuka-fukansa na gaba ruwan goro ne, ƙarshensu baƙi da farin layi a gicciye, na baya kuma a nan Afirka ta Yamma farare ne da baƙin gefe. Tsutsarsa tana cin ganyen tumfafiya tana tara dafin da ke cikin farin ruwan nan, dafin kuma yana zama a jikinsa har bayan ya yi fiffike. Tsuntsun da ya taɓa cin ɗaya ba ya marmarin na biyu. Wannan ya sa yake tafiya sannu a hankali, ba ya firgita da wuri, kuma babu wanda ya fi shi dacewa da mai koyo. Ka riƙa ɗaga ganye kana duba ƙasansa. Za ka ga ƙwai ɗaya tilo, fari-fari, bai kai ƙwayar gero ba. Za ka ga tsutsar mai zobba baƙi da fari da rawaya, da siraran gashi guda shida bibbiyu a bayanta. In ka yi sa'a za ka ga kwanson da take dunƙulewa a ciki yana reto, kore ko ruwan hoda, da ɗigo-ɗigon zinariya. Daga ƙwai zuwa tashi, a irin zafinmu, wajen wata ɗaya ne, don haka kututture ɗaya na tumfafiya zai iya ba ka hoton rayuwarsa gaba ɗaya in kana leƙawa. Sai dai ka kiyayi ruwan tumfafiya: in ya shiga ido yana lahanta gani, kada ka karya ganye sannan ka murza fuska.

A nan akwai wani abu da har yau yake ba ni mamaki. Akwai wani iri dabam, Hypolimnas misippus, wanda macensa ba ta da wannan dafi amma ta ɗauki kamannin na tumfafiyar kusan sak, tsuntsaye su gan ta su ƙyale. Namijinta kuwa ko kusa bai yi kama da ita ba: baƙi ne wuluk da manyan fararen tabo, kowanne da zagayen shuɗi mai sheƙi wanda sai haske ya doke shi ta wani gefe yake bayyana. In kana so ka bambance macen da wanda take kwaikwayo, dubi tsakiyar fiffiken baya. Na tumfafiya yana da baƙaƙen ɗigo uku, namijin huɗu. Ita mai kwaikwayon ba ta da wannan jerin ɗigo, kuma gefen fiffikenta ya fi yin lanƙwasa-lanƙwasa. Ranar da ka fara gane su da idonka ba tare da ka duba hoto ba, ka shiga sahun masu kallo na gaske.

Sauran tsirran ba zan daɗe a kansu ba. Anza da bagayi da jiga su ne na fararen nan da ke da yawa a ƙasarmu: Belenois, fari mai baƙaƙen jijiyoyi, da dangin Colotis, ƙanana farare masu ja ko ruwan lemu a ƙarshen fiffike. Tafasa da rai-ɗore su ne na Catopsilia florella, babba fari mai ɗan kore-kore, macen wani lokaci rawaya, mai saurin tsiya. Lambun lemu, irin waɗanda ke bakin fadama, nan ne gidan Papilio demodocus, babba baƙi mai rawayan ɗigo, wanda tsutsarsa tana ƙarama take kama da kashin tsuntsu, in ta girma ta koma kore, in ka taɓa ta ta fito da wani ƙaho mai reshe biyu mai wari. Masu lambu ba sa ƙaunarta don tana cinye dashen lemu. Magarya da kurna suna tara ƙananan shuɗɗa na dangin Tarucus, bagaruwa da farar ƙaya kuma na dangin Azanus, waɗanda duka ba su fi farcen babban yatsa ba. Inda geza da taramniya suke, ka riƙa duban ƙasa a kan turba: akwai Hamanumida daedalus, ruwan toka da fararen ɗigo kamar zabuwa, yana tashi ƙasa-ƙasa a gabanka ya sake sauka ya shimfiɗa fuka-fukai a kan turɓaya.

Maganar lokacin shekara kuma, gara in faɗa maka gaskiya don kada ka fita washegarin ruwan farko ka dawo da ɓacin rai. Ruwan farko ganye yake kawowa. Sai sabon toho ya fito, matan da suka tsallake rani su zuba ƙwai, tsutsa ta ci ta ƙoshi, sannan sababbi su tashi. Ka ba shi mako uku zuwa huɗu bayan ruwa ya zauna. Kuma jiharmu ba lokaci ɗaya damina ke shigarta ba. Yawuri da Zuru sukan riga kowa, tun ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu, Jega da Birnin Kebbi su biyo baya, Argungu da ƙaramar hukumar Arewa kuwa galibi sai Yuni ta kankama. Yawa na sosai, wanda ko'ina ka duba sai ka gani, yana zuwa ne ƙarshen damina zuwa kaka, Satumba da Oktoba. A lokacin ne ma wani baƙo, Vanessa cardui, ke isowa yankin Sahel bayan ya ƙetare Sahara daga Turai.

Duk da haka ni farkon damina na fi so wa mai hoto. Ciyawa ba ta yi tsawo ba, kana ganin inda kake taka ƙafa, ba abin da ke tare maka gilashin kyamara. Waɗanda suka fito sababbi ne fil, launinsu bai kwaranye ba, gefen fiffike bai yage ba. Sannan a waɗannan 'yan makonni za ka iya ganin tufar rani da tufar damina tare. Ire-ire da yawa a ƙasar da ke da rani da damina suna da kama biyu: 'yan Colotis na damina baƙin zanensu ya fi kauri, na rani sun fi kwaranyewa. Melanitis leda, mai ruwan ƙasa da ke fitowa da almuru, na damina yana da zanen idanu a ƙasan fiffike, na rani kuwa idanun sun kusa ɓacewa, ya koma launin busasshen ganye. Mai koyo yakan ɗauka iri biyu ne ya samu, alhali ɗaya ne.

Bayan tsiro, wuri na biyu shi ne laka. Ka je bakin Gulbin Zamfara, ko duk wata mashaya da shanu ke sauka, da hantsi. Inda yashi ke da danshi kuma dabbobi sun yi fitsari, za ka tarar da farare da rawaya sun taru a ƙasa, sun tsayar da fuka-fukai suna tsotsa. Gishiri suke nema, domin ruwan fure ba shi da shi sosai. Kusan dukansu maza ne, kuma wani kaso na gishirin suna miƙa wa mace lokacin barbara, ya amfani ƙwai. Farkon damina ya fi daɗin wannan kallo saboda danshi bai game ko'ina ba, dole su haɗu a 'yan wurare. In ka iso sun watse, kada ka bi ko ɗaya. Durƙusa daidai inda kake so ka ɗauki hoton, ka saita kyamara a kan lakar, ka yi shiru. Bayan 'yan mintoci ɗaya zai dawo, saukarsa kuma ita ke kiran sauran. Ƙarƙashin mangwaro ma wuri ne, yanzu da ragowar 'ya'yan ke faɗuwa suna ruɓewa. Akwai ire-iren da ba ruwansu da fure, tsamin 'ya'yan itace suke so, irin su Melanitis ɗin nan da manyan Charaxes masu ƙarfin fiffike. Kana iya dama ruɓaɓɓiyar ayaba da ɗan sukari, ka rufe ta kwana biyu ta yi tsami, ka shafa a jikin itace daidai tsayin ƙirjinka a inda rana ke ɗan ratsowa. Wanda ya sha ya ƙoshi yakan yi nauyi har ka kai waya dab da shi bai kula ba.

Sa'ar fita tana da muhimmanci ƙwarai. Malam-buɗe-littafi ba ya haɗa zafin jiki da kansa yadda mu muke yi. Sai naman ƙirjinsa ya ɗumama zuwa wajen digiri 30 kafin ya iya tashi da ƙarfi, shi ya sa da safe yake buɗe fuka-fukai yana shan hantsi. A ƙasashen sanyi wannan yana ɗaukar lokaci mai tsawo. A Kebbi kuwa, inda gari ke wayewa da ɗumi, damar gajeriya ce: daga bakwai zuwa tara, in ta yi tsawo tara da rabi. Safiyar da ta biyo bayan ruwan dare ta fi kowace, don sanyin yana riƙe su. In ka fita bayan sallar asuba da gari ya fara haske, duba kan dogayen ciyayi: ƙananan shuɗɗan nan a nan suke kwana, sau da yawa kai a ƙasa, raɓa a jikinsu, ba sa iya motsi. Tsakar rana ka bar wa laka da inuwa. Bayan la'asar sukan sake lafawa, hasken kuma ya yi laushi.

Matsowa kusa fa? Idonsa an yi shi ne don gane motsi, musamman motsi mai sauri da inuwar da ta gifta ta samansa, domin haka tsuntsu ke zuwar masa. Saboda haka ka lura da inda inuwarka take tun kafin ka taka, kada ta faɗa kansa. Ka rage tsawo, ka zo a durƙushe. Ka ɗaga kyamarar zuwa fuskarka tun daga nesa, ba sai ka iso ba. Ka tunkare shi kai tsaye, kada ka riƙa karkata hagu da dama. Ɗauki hoto ɗaya daga nesa, ƙara taku, sake ɗauka, a haka har ka kai inda ya yarda. Farar riga mai faɗi da iska ke kaɗawa ba ta taimako, sa mai duhu-duhu wadda ta kama jiki. Wanda ya zura dogon bakinsa cikin fure ya fi haƙuri da wanda ya sauka yanzun nan, don haka ka jira ya fara sha. Wasu mazan kuma, irin na Hypolimnas da 'yan Junonia masu shuɗin tabo a fiffiken baya, suna da wurin zama da suke tsaro. Ya tashi ya kori wani, ya dawo kan reshen nan ko dutsen nan. In ya tashi, saita a kan wurin da ya bari ka jira shi.

Dishi-dishin da kake samu yana da dalili uku, kowanne da maganinsa. Ko dai hannunka ko ƙwaron ya motsa, ko na'urar ta saita a kan ganyen baya, ko kuma ka matsa fiye da kusancin da gilashin ke iya gani. A kyamarar yayanka, in tana barin a zaɓi saurin ƙiftawa, sa 1/500 na daƙiƙa ga wanda ke zaune, 1/1000 ko sama ga na lemu, domin shi ko yana shan fure fuka-fukansa ba sa daina karkarwa. Ƙofar haske ka bar ta tsakanin f/5.6 da f/11, ISO kuma, wato ƙarfin jin haske na kyamarar, 400 zuwa 800 ba laifi da safe. Abin da ya fi waɗannan lambobi shi ne tsayuwarka. A kusa-kusa, zurfin wurin da ke fitowa tangaran bai wuce 'yan milimita ba, don haka ka daidaita bayan kyamarar da shimfiɗar fiffiken. In ya rufe fuka-fukai, ka zo ta gefensa daidai tsayinsa. In ya buɗe, ka zo ta sama ko ta baya. Saitin ka ɗora shi a kan ido. Farare suna ƙonewa a hoto in rana ta yi ƙarfi, zanen jikinsu ya ɓace, sai ka rage haske da mataki ɗaya ko ƙasa da haka. Ranar da gajimare ya ɗan rufe rana ranar farare ce. Ka kuma duba abin da ke bayansa: in ganyen baya yana nesa, hoton zai fito da shimfiɗa mai laushi, in leda ce ko bango, gusa kaɗan ka canza kusurwa.

Waya ma tana yi, kuma a bakin laka har takan fi babbar kyamara, don kana iya kwantar da ita a ƙasa. Goge gilashinta da gefen riga mai laushi kafin komai, maiƙon yatsa kaɗai yana ɓata hoto. Yawancin wayoyi ba sa gani tangaran in abu ya fi kusa da santimita 8 zuwa 10, saboda haka ja baya kaɗan, daga baya ka yanke hoton. Taɓa jikin ƙwaron a fuskar wayar don ta saita a kansa, ka ja alamar rana ƙasa in fari ne. Kada ka jawo hoto da yatsu ya wuce ninki biyu, yana farfashewa. Yi amfani da ɗauka a jere, ko ka ɗauki bidiyo ka zaɓi hoto mai kyau daga ciki. Ka tafi da leda don hadarin farkon damina ba ya sallama, kuma kada ka ajiye kyamara da danshi a cikin jaka, fumfuna na kama gilashi. 'Yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi ka tara su ka zuba a jakar.

Ina roƙonka kada ka kama shi don hoto. Garin da ke manne wa yatsa in an riƙe fiffike ƙananan ɓawo ne da ke ɗauke da launinsa, kuma ba sa sake fitowa. Wasu suna sa shi a firji ya sandare su ɗora a fure, wannan ba kallon halitta ba ne, kuma mai ido yana ganewa daga yadda ƙafafun suke. Ka kiyaye shukar mutane, gero da dawa yanzu suke fitowa, ka yi sallama ga mai gona ka faɗa masa abin da ya kawo ka. Gonar da aka yi wa feshi kwanan nan ba za ka samu komai ba, kuma maganin kashe ciyawa da ake yi wa gefen gonaki yana tafiya da tafasar da sauran ciyayin da tsutsotsin ke ci. Abin yana damuna, domin shekara da shekaru waɗannan gefunan su ne mafakarsu. In gidanku akwai gona, ka roƙi a bar ɗan kusurwa ba feshi.

Sai lafiyarka. Farkon damina lokacin macizai ne, kububuwa da kasa suna kwanciya daidai irin wuraren da za ka durƙusa. Sa takalmi mai rufi, ka duba ƙasa kafin ka sa gwiwa ko hannu. Halin tsaro kuma ka san shi: kada ka shiga daji mai nisa, kada ka fita kai kaɗai, kuma a ƙauyen da ba a san ka ba ka fara gaida mai gari, don baƙo da kyamara yana jawo zargi. Duk abin da na lissafa maka ana samunsa a bayan gari da bakin fadama.

Kowane hoto ka rubuta ranarsa da wurin da tsiron da ka same shi a kai. Nijeriya tana da ire-iren malam-buɗe-littafi sama da dubu, mafi yawansu a dazukan kudu, kuma can masu bincike suka fi karkata. Babban littafin da ake dogaro da shi a wannan fanni shi ne na Torben Larsen kan malam-buɗe-littafin Afirka ta Yamma, wanda ya fito a 2005. Hoto daga Jega mai kwanan wata da wuri yana da daraja a wajen masana. Akwai manhajar iNaturalist, kyauta ce, kana ɗora hoto masu ilimin su taya ka gano sunan, kuma tana ba ka damar ɓoye ainihin wurin in kusa da gida ne. Don a iya ganewa, yi ƙoƙari ka samu saman fiffike da ƙasansa duka biyu, domin 'yan Colotis da ƙananan shuɗɗan nan sau da yawa sai ta ƙasa ake raba su. In ka tara na makonnin farko ka turo mini tare da hoton ganyen da ka gan su a kai, mu duba tare.